Yadda Aka Warware Rubutun Fir'aunoni da Sauran Rubuce-rubucen da Suka Ɓace: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin rubuce-rubuce suka fi maimaitawa. An fara da Masar domin ita aka fi tambaya, sannan aka gangara Iraƙi da Girka da Meziko da Sudan. Inda aka rubuta K.H. ana nufin kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sauran shekarun na Miladiyya ne.

1. Me ake nufi da rubutu ya ɓace, bayan ga shi nan ana kallonsa a jikin dutse?

Rubutu yana ɓacewa ne ranar da mutum na ƙarshe da ya iya karanta shi ya rasu bai bar ɗalibi ba. Alamomin suna nan daram, igiyar da ta ɗaure su da magana ce ta tsinke.

Matsalar iri uku ce. Akwai inda alamomin ne baƙi amma harshen sananne ne, ko yana da ɗan'uwa da aka sani, kamar a miƙa wa Bahaushen da bai taɓa ganin ajami ba waƙar Hausa da ajami. Kusan duk nasarorin da aka samu a wannan rukunin suke. Akwai inda ake iya furta alamomin amma ba a jin harshen, kamar ɗan boko ya ɗauki jaridar Turkiyya: zai karanta da ƙarfi, ba zai san abin da ya faɗa ba. Haka rubutun Merowe yake a yau, duba tambaya ta 15. Na uku, babu alamomi babu harshe. Wannan shi ne mai taurin kai, kuma yana cikin tambaya ta 16.

2. Yaushe Misirawa suka fara wannan rubutu, kuma yaya aka yi ya mutu?

Mafi tsufan alamomin da aka samu suna jikin wasu ƙananan allunan ƙashi da hauren giwa daga wani kabari a Abidos, wajen shekara ta 3200 K.H. Rubutun hirogilif (wato rubutun Fir'aunoni mai hotuna) na ƙarshe da ke ɗauke da kwanan wata yana ɗakin bauta na tsibirin Filae kusa da Aswan, an sassaƙa shi ranar 24 ga Agusta 394. Tsakanin nan da can ya haura shekara 3,500.

Rubutun Misirawa kashi-kashi ne. Hirogilif na dutse ne da bangon kabari da ɗakin bauta. Aikin yau da kullum da hiratik ake yi, wato alamomin nan ne aka gaggauta su da tawada har siffar hoton ta baje. Wajen 650 K.H. demotik ya fito, wanda ya fi shi gaggawa. Bayan Girkawa sun mulki ƙasar, sannan Rumawa, Girkanci ya zama harshen ofis, hirogilif ya koma hannun 'yan tsirarun limaman tsohon addini. Da Kiristanci ya bazu aka rufe ɗakunan bautar, makarantun suka mutu tare da su. Harshen kam bai mutu a lokacin ba: an ci gaba da rubuta shi da haruffan Girkanci 24 da ƙarin shida ko bakwai daga demotik. Shi ne Kibɗanci, wanda cocin Kibɗawa ke ibada da shi har yau.

3. Hotuna ne masu ma'ana, ko haruffa ne?

Duka biyun, kuma sau da yawa a cikin kalma guda. Misali da Hausa zai fi fitar da abin. A ce kana son rubuta "kuka" na bishiya: sai ka zana itacen kuka. To "kuka" na hawaye fa? Sai ka sake zana itacen, tunda sautin ɗaya ne, ka ƙara hoton ido a ƙarshe don mai karatu ya san wane kukan kake nufi. Idon ba a furta shi. Haka za ka zana fara ta ci don rubuta "fara aiki".

Abin da Misirawa suka yi ke nan. Zanen harsashin gida ana karanta shi pr. In an sa ɗan layi a ƙarƙashinsa, gida ake nufi. In an biyo shi da alamar baki, wadda take r, da ƙafafu biyu masu tafiya, to kalmar "fita" ce, domin ita ma da p da r take. Ke nan alamomi aiki uku suke yi: mai wakiltar kalma sukutum, mai wakiltar sauti, da mai nuna rukunin ma'ana wadda ba a furtawa. Ta ukun ita ce kuma ke nuna inda kalma ta ƙare, domin ba sa barin fili tsakanin kalmomi.

4. Alamomi nawa ne, kuma ina wasula?

A zamanin da harshen ya tsaya da ƙafafunsa, wajen 2000 K.H., alamomi kamar 700 ake amfani da su. Wajen 24 na baƙi ɗaya ne, wasu na baƙi biyu kamar mn da ms, wasu na uku kamar nfr. A zamanin Girkawa limamai suka yi ta ƙirƙiro sababbi har suka kai dubbai, shi ya sa rubutun ɗakunan bauta na Edfu da Dandara fanni ne mai zaman kansa.

Wasula ba a rubuta su, kamar Larabcin jarida da ba a yi masa wasali. Abin da ke rikita sabon ɗalibi shi ne alamomin ƙari: bayan alamar nfr sukan sake rubuta f da r, wanda bai sani ba sai ya karanta nfrfr. Tunatarwa ce kawai, sau ɗaya ake furtawa.

5. Daga wane ɓangare ake fara karatu?

Dubi inda tsuntsaye da mutane suka fuskanta, can ne farkon layi. In sun kalli dama, daga dama za ka fara, kuma wannan ya fi yawa. In alamomi biyu suna kan juna, ta sama ce farko. Sai dai sunan abin bauta ko na sarki ana gabatar da shi don girmamawa ko da a furuci daga baya yake zuwa. A sunan Tutankamun, Amun aka fara rubutawa.

6. Me ya hana masana warware shi sama da shekara dubu?

Zato guda ɗaya da aka gada daga marubutan Girkawa da Rumawa, cewa kowane hoto wata ɓoyayyar hikima ce da ba ruwanta da sauti. Wani littafi da ake dangantawa ga Horapollo na ƙarni na biyar, wanda aka gano kwafinsa a 1419, ya ƙara wa zaton ƙarfi. Abin haushi, wasu ma'anoninsa daidai ne, dalilan ne ƙage. Ya ce ungulu tana nufin uwa saboda wai babu namiji a cikin ungulaye, zomo kuma yana nufin buɗewa saboda wai ba ya rufe ido. Gaskiyar ita ce sauti ne: kalmar uwa mwt ce kuma da ungulu ake rubuta ta, alamar zomo kuwa wn ce, daidai da kalmar buɗewa. A ƙarni na 17 Athanasius Kircher ya ɗauki sunan Fir'auna Apries kaɗai ya fassara shi da doguwar jimla a kan albarkar abin bauta Osiris da kogin Nilu.

Malaman Musulmi sun taɓa abin tun kafin nan. Ana ambaton Zunnun al-Misri, da Ibn Wahshiyya wanda ya tara jadawalin tsofaffin rubuce-rubuce a wajen ƙarni na goma, yana ba wasu alamomi sautin haruffa. Tunanin cewa akwai sauti a ciki daidai ne, amma yawancin sautukan da ya ba su ba su dace ba, kuma ba a iya karanta nassi da jadawalinsa. Gudummawar da ta fi amfani daga Masar ita ce ƙamusoshin Kibɗanci da Larabci da nahawun da malaman Kibɗawa suka rubuta a ƙarni na 13 da na 14. Ta hanyarsu Turawa suka koyi Kibɗanci, kuma Kircher ɗin nan da ake yi wa dariya shi ya buga su.

7. Mene ne Dutsen Rashid?

Ɓantaren wani allon dutse ne, tsayinsa wajen santimita 112, faɗinsa 76, nauyinsa wajen kilo 760. Sojojin Faransa suka tono shi a Yulin 1799 suna gyaran wata ganuwa kusa da garin Rashid, wanda Turawa ke kira Rosetta. Da Ingila ta ci su a 1801 ta karɓe shi, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan tun 1802, kuma har yau Misirawa na neman a mayar musu.

Abin da ke jikinsa sanarwa ce da majalisar limamai ta fitar a Memfis a 196 K.H. don girmama sarki Ptolemaios na Biyar: ya yafe haraji, ya yi wa ɗakunan bauta alheri, don haka a kafa gumakansa. An rubuta ta sau uku: layi 14 na hirogilif da suka tsira, 32 na demotik, 54 na Girkanci. Jimlar ƙarshe ta Girkancin ce ta faɗa da bakinta cewa a rubuta sanarwar da rubutun nan uku.

8. Tunda ga fassarar Girkanci a gefe, me ya sa aka ɗauki shekara 23?

Saman dutsen ya karye, babu layin hirogilif ko ɗaya da ya cika. Fassarar kuma ba kalma da kalma ba ce. Sannan sunan sarki ɗaya ne ya tsira a cikin zoben suna, wato kewayen nan mai kama da igiya da ake sa sunan sarauta a ciki. Da suna ɗaya za ka iya yin hasashe, ba za ka iya gwada shi ba.

A 1802 Silvestre de Sacy da Johan Åkerblad suka gano sunaye a sashen demotik, amma Åkerblad ya ɗauka duk demotik abjadi ne, sai ya maƙale. Thomas Young, likita ɗan Ingila, ya nuna cewa demotik daga hirogilif ya samo asali kuma gauraye ne na sauti da ma'ana, ya kuma fitar da wasu sautuka daga sunan Ptolemaios, ya buga a 1819. Inda ya tsaya shi ne ya ɗauka sunayen baƙi kaɗai ake rubutawa da sauti.

9. Mataki-mataki, me Champollion ya yi?

Jean-François Champollion, wanda aka haifa a 1790, ya shigo aikin da abin da sauran ba su da shi: ya ƙware a Kibɗanci tun yana saurayi. Ya fara da ƙirga. Kalmomin Girkancin dutsen 486 ne, alamomin hirogilif da suka tsira kuwa 1,419. In kowace alama kalma ce, lissafin ba zai tashi ba.

A farkon 1822 ya samu kwafin rubutun wani dogon ginshiƙi daga Filae mai ɗauke da sunan Ptolemaios da na Kleopatra. Ya jera su. A Misiranci na farkon p-t-o-l-m-y-s ne. In hasashen daidai ne, alamar p da ke farko a nan dole ta zo ta biyar a Kleopatra, o ta uku ta zo ta huɗu, zakin da ke wakiltar l ya tashi daga na huɗu ya koma na biyu. Duka suka faɗa inda ake jira. Harafin t ne ya saɓa, a ɗaya curin burodi a ɗaya tafin hannu, sai ya yanke cewa sauti ɗaya na iya samun alama fiye da ɗaya. Da haruffan da ya tara ya karanta Aleksandros da Berenike da laƙabin sarakunan Rum.

Saura tambayar da ta kayar da Young: Fir'aunonin asali fa? Ranar 14 ga Satumba 1822 ya duba wani zoben suna da aka kwafo daga Abu Simbel. Alamomi biyu na ƙarshe ya san su, s da s. Ta farko faifan rana ce, rana kuwa a Kibɗanci "re" ce. Ra, wani abu, s, s: Ramses. Alamar tsakiyar ta sake fitowa a wani suna bayan tsuntsun da ke wakiltar abin bauta Tot: Tutmos. A Dutsen Rashid kuma tana daidai inda Girkanci ya ambaci ranar haihuwa, haihuwa kuwa a Kibɗanci "mise" ce. Sauti, ma'ana da harshe suka haɗu wuri guda. Ya gabatar da sakamakonsa na farko a Faris ranar 27 ga watan, cikakken bayani a 1824, ya rasu a 1832 yana da shekara 41. Ya yi kuskure ɗaya babba: ya ɗauka alamar nan m ce kawai, alhali ms ce. Richard Lepsius ne ya daidaita batun alamomi masu baƙi biyu da uku a 1837.

10. Ta yaya aka tabbatar ba shaci-faɗi ba ne?

Da nassin da mai warwarewar bai taɓa gani ba. A 1866 Lepsius ya gano Sanarwar Kanopus ta 238 K.H. a Tanis, cikakkiya da hirogilif da Girkanci. Aka fassara Misirancin da tsarin Champollion, aka gwada da Girkancin, suka dace. Irin wannan jarrabawa aka yi wa rubutun ƙusa, wato tsohon rubutun Iraƙi da Farisa mai alamomi masu kama da ƙusa, a tambaya ta 13, da Linear B a ta 14.

11. An san yadda suke furta kalmomin?

Baƙaƙen an san su sosai, wasulan kuwa da dabara ake lalubo su. "Nefer" da kake ji al'adar masana ce ta cusa e tsakanin baƙaƙe don harshe ya iya juyawa. Ainihin wasulan ana gano su daga Kibɗanci, da yadda Girkawa suka rubuta sunaye, da wasiƙun da aka rubuta da rubutun ƙusa mai nuna wasali, inda Ramses ya fito kamar Riamasesa. Kalmar Fir'auna kanta daga pr-aa take, "babban gida", wato fada, daga baya aka riƙa kiran sarkin da ita, kamar yadda ake cewa fada ta ce.

12. Da gaske ne Hausa tana da alaƙa da Misiranci?

Akwai dangantaka, amma ta nesa. Su biyun suna cikin babban gidan harsunan Afro-Asiya tare da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da Somaliyanci. Misiranci reshe ne shi kaɗai, Hausa tana reshen Cadi. Kalmomin da masana ke yawan kawowa sun haɗa da mwt (ba mwt ta uwa ba, wata kalma ce mai baƙaƙe iri ɗaya) da "mutu", fdw da "huɗu", qs da "ƙashi". Nahawu ya fi kalmomi ƙarfin hujja: t na tamace, -k na "naka", da m- da ake sawa a gaba don sunan wuri ko kayan aiki, kamar ma- a "mabuɗi".

Wannan ba ya nufin Hausa daga Misiranci ta fito, ko Bahaushe zai iya karanta bangon kabari da Hausarsa. Kakansu ɗaya ne tun dubban shekaru kafin a ƙirƙiri rubutu. Kamannin kalma ɗaya ko biyu kuma ba hujja ba ne sai an nuna sautukan suna sauyawa bisa ƙa'ida a kalmomi da yawa.

13. Rubutun ƙusa na Iraƙi da Farisa fa?

A nan ma sunayen sarakuna ne suka buɗe ƙofa. A 1802 Georg Grotefend, malamin makaranta a Jamus, ya yi hasashen cewa gajerun rubuce-rubucen Fersefolis, tsohuwar fadar sarakunan Farisa, suna bin tsarin "wane, babban sarki, sarkin sarakuna, ɗan wane". Ya lura sunaye uku ne a jere, kaka da ɗa da jika, kuma kakan ba a kira shi sarki ba. A tarihin Farisa wannan ya dace da Histaspes da Dariyus da Zaksis. Henry Rawlinson ya hau dutsen Bisitun tsakanin 1835 da 1847 ya kwafo dogon rubutun Dariyus mai harshe uku, tsohon Farisanci da Elamanci da Babilanci. Edward Hincks ya gano cewa alamomin Babilanci gaɓoɓi ne, kuma alama ɗaya na iya samun karatu da yawa.

Wannan batu na ƙarshe ya sa mutane suka ƙi yarda. Sai a 1857 aka ba Rawlinson da Hincks da Fox Talbot da Julius Oppert kwafin wani sabon rubutu na sarki Tiglat-Fileser na Ɗaya, kowa ya fassara shi kaɗai ya aiko a rufe. Da aka buɗe, fassarorin suka yi daidai a muhimman wurare. Abin da ya taimaka shi ne harshen Babila da Assuriya ɗan'uwan Larabci ne: kalbu kare, bitu gida, ummu uwa. Sumeranci, wani tsohon harshen Iraƙi da shi ma aka rubuta da rubutun ƙusa, ba shi da dangi, an same shi ne ta ƙamusoshi masu harshe biyu da magatakardan Babila da Assuriya suka bari.

14. Ana iya warware rubutu ba tare da nassi mai harshe biyu ba?

An yi, sau biyu fitattu. Linear B allunan yumɓu ne da Arthur Evans ya tono a Knossos ta tsibirin Kirit daga 1900. Alamomin sauti wajen 87 ne, adadin da ya nuna gaɓoɓi ne. Alice Kober ta yi shekaru tana jera kalmomi a katuna, ta nuna cewa kalma ɗaya tana sauya ƙarshenta, kamar "malami, malama, malamai". Daga nan ana iya sanin alamomin da suka haɗa baƙi ɗaya ko wasali ɗaya tun ba a san sautinsu ba. Ta rasu a 1950. Michael Ventris, mai zanen gine-gine, ya jera alamomin a jadawali bisa wannan, sannan ya gwada sunayen garuruwan Kirit a kan kalmomin da ba sa fitowa sai a allunan Knossos: a-mi-ni-so, ko-no-so. Sautukan suka bazu cikin jadawalin, sai ga tsohon Girkanci, harshen da shi kansa bai zata ba. Ya sanar a rediyon BBC a Yulin 1952. Shekara ta zagayo aka gwada tsarin a wani sabon allo daga Pilos: gefen hoton tukunya mai ƙafa uku an rubuta ti-ri-po-de, gefen tulu marar mariƙi an rubuta kalmar "marar kunne".

Na biyu rubutun Maya ne na Meziko da Gwatamala. Limamin Sifaniya Diego de Landa, wanda ya ƙona littattafansu a 1562, ya bar wani "abjadi" da ya rikita kowa. Ya tambayi marubuci harafin b, wanda a Sifaniyanci ake kira "be", shi kuwa ya zana masa sawun ƙafa a kan hanya, domin "be" hanya ce a harshensu. A 1952 Yuri Knorozov ɗan Rasha ya gane gaɓoɓi Landa ya tara bai sani ba. Ya karanta ku-tzu gefen hoton talotalo, tzu-lu gefen hoton kare, kuma kalmomin suna nan a ƙamusun Yukatek, ɗaya daga harsunan Maya. Babban masanin fannin na lokacin, Eric Thompson, ya yi ta yaƙar wannan ra'ayi har ya rasu a 1975, abin da ya jawo wa aikin jinkiri mai yawa.

15. Ban da Masar, akwai irin wannan a Afirka?

Daular Kush ta Sudan, mai hedikwata a Merowe, ta ƙirƙiri nata rubutun mai alamomi 23 a ƙarnonin ƙarshe kafin Miladiyya. Francis Griffith ya gano sautukan tsakanin 1909 da 1911, da taimakon wani dutse daga Wad Ban Naga da ke ɗauke da sunan sarki Natakamani da sarauniya Amanitore da rubutun Masar da na Merowe. Yau ana furta kowane layi, amma kalmomin da aka tabbatar da ma'anarsu kaɗan ne: qore sarki, ato ruwa, at burodi. Addu'o'in kabari ana gane su domin tsarinsu ɗaya ne, dogayen labaran yaƙi kuwa sunaye kawai ake tsinta. Claude Rilly ya kawo hujjojin cewa harshen dangin Nubiyanci ne, amma dangin sun yi nisa.

Tsohon rubutun Libiya, kakan Tifinag da Buzaye ke amfani da shi har yau a Agadas da kewaye, an fara warware shi a 1843 daga wani rubutu mai harshe biyu na Dugga a Tunisiya. Duk da haka, da yawa daga rubuce-rubucen duwatsun Sahara sun gagara: gajeru ne, babu wasula, babu rabe kalmomi, kuma siffar harafi tana bambanta daga yanki zuwa yanki.

16. Waɗanne ne suka gagara har yanzu, kuma me ya sa?

Linear A na Kirit ana iya ƙiyasta sautinsa daga Linear B, an ma san ku-ro tana nufin jimilla domin tana zuwa ƙarshen lissafi, amma harshen bai yi kama da wani sananne ba, kuma duk abin da aka samu bai wuce alamomi dubu bakwai da 'yan kai ba. Rubutun kwarin Indus na Pakistan da Indiya yana jikin abubuwa dubu huɗu da wani abu, yawanci hatimai, sai dai matsakaicin tsawonsa alama biyar ne, babu sunan sarki ko ɗaya da aka sani daga waje, har wasu masana na shakkar ko rubutun harshe ne. Rongorongo na tsibirin Ista saura alluna ashirin da 'yan kai. Masu karanta shi sun ƙare bayan farmakin masu kamun bayi daga Peru a 1862 da annobar da ta biyo baya. Faifan Faistos, wani faifan yumɓu da aka tono a Kirit a 1908, ƙwaya ɗaya ne tak, alamomi iri 45. Da abu guda kowace fassara za ta "yi aiki", kuma babu ta inda za a ƙaryata ta.

17. Kullum ana jin wani ya warware ɗaya daga cikinsu. Ta yaya ake gane na banza?

Aikin gaskiya yana da jeri. A tara kwafi ingantattu. A tantance alamomi, domin hannun marubuta biyu na iya sa alama ɗaya ta zama kamar biyu. A ƙirga: ƙasa da 40 abjadi ne, 50 zuwa 100 gaɓoɓi, ɗaruruwa kuwa gauraye da alamomin kalma. A gano alkiblar rubutu da lambobi da iyakar kalmomi. Sai bayan wannan ake neman sunaye, sannan harshe.

Mai da'awar banza daga ƙarshe yake farawa: ya riga ya zaɓi harshen, galibi nasa ko na addininsa. Alamominsa: yana ba alama ɗaya sautuka da yawa ba ƙa'ida, yana tsinto kalmomi daga ƙamusoshin harsuna daban-daban, fassararsa ba ta da nahawu mai maimaituwa, kuma hatimin ɗan kasuwa sai ya fito da waƙar hikima. Tambaya ɗaya ta isa: in an ba wani mutum dabam jadawalinsa da sabon nassi, zai fito da fassara iri ɗaya?

18. Kwamfuta ba za ta gama da su ba?

Tana ƙirga da jerawa cikin daƙiƙa abin da ya ci wa Kober shekaru. A gwaje-gwajen 2010 da 2019 manhaja ta sake warware Ugaritanci (wani tsohon harshe na Siriya) da Linear B, amma an riga an ba ta harshen da za ta gwada da shi, Ibrananci da Girkanci. Inda babu ɗan'uwan harshe ko nassin ya yi kaɗan, ba ta da abin kamawa. Ta fi amfani wajen cike gurbin rubutu da ya karye da fito da tawada da ido ba ya gani.

19. Mai son koyon hirogilif daga ina zai fara?

Da Misirancin Tsakiya, wato harshen wajen 2000 K.H., domin shi aka ci gaba da rubutawa a duwatsu har ƙarshe. Haddace alamomin baƙi ɗaya a makon farko, kana zana su da hannu. Sai masu baƙi biyu, biyar-biyar, kowace tare da kalma. Koyi jerin alamomi na Alan Gardiner na 1927, wanda ya kasa su rukuni 26 da harafi da lamba, misali G17 mujiya ce mai sautin m. Da shi ake neman alamar da ba a sani ba. Kada ka tsallake mayar da nassi zuwa haruffan boko kafin fassara, a nan kuskure ke bayyana.

Nassin farko da ya dace shi ne addu'ar hadaya mai farawa da htp-di-nsw, "hadayar da sarki ke bayarwa", wadda ke jikin dubban duwatsun kabari da tsari kusan ɗaya: sunan Osiris ko Anubis, sai burodi da giya da shanu da tsuntsaye, sai sunan mamacin da muƙaminsa. Wanda ya iya ta zai karanta kaso mai yawa na abin da ke gidajen tarihi. Wahalar gaske tana wajen aikatau, inda siffofi da yawa suke zama iri ɗaya a rubuce saboda rashin wasula. Don bugawa a kwamfuta akwai manhajar JSesh kyauta, kuma alamomi 1,071 sun shiga tsarin Unicode tun 2009.